Idon Mutane: Abin da Ke Juya Mu a Taro, a Ofis da a Kasuwa

Ma'aikacin da ya shekara goma a ma'aikatar gwamnati bai taɓa isa ofis kafin ƙarfe goma ba, ranar da ya samu aiki a banki sai ka gan shi bakwai da rabi ya yi tsaf yana bakin ƙofa. Matar da ke ja-in-ja da mai kayan miya a kan naira hamsin, ita ce za ta shiga babban kanti ta biya kuɗin da aka liƙa a jikin kaya ko uffan ba ta ce ba. Dattijon da ya gama faɗa maka a zaure cewa shawarar da ake shirin yankewa ba ta da kan gado, idan aka zauna taron unguwa shi ne zai fara gyaɗa kai. Babu wanda aka sake wa zuciya cikin dare a cikinsu. Wuri ne ya sake, da mutanen da ke kallo.

Mun saba ɗora komai a kan hali: wane malalaci ne, wance almubazzara ce, wane baki biyu gare shi. Hali zanen dutse, in ji mu, mu rufe magana. Akwai gaskiya a ciki, za mu kuma zo kanta. Sai dai masu nazarin halayyar ɗan Adam sun kusa shekara ɗari suna gwaje-gwaje, kuma abin da ya yi ta fitowa shi ne, babban rabo na abin da mutum ke yi a cikin jama'a, a wurin aiki da wurin sayayya, yana rataye ne a kan abin da yake ganin sauran mutane na yi da abin da yake zaton suna jira daga gare shi. Wanda bai gane wannan ba, in shugaban ma'aikata ne zai yi ta rubuta takardun tuhuma a banza. In gwamnati ce za ta yi ta zuba kuɗi a gangamin wayar da kai, abin yana daɗa lalacewa.

A 1951 wani malamin jami'a a Amurka, Solomon Asch, ya fara fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙin gaske. Ana shigo da ɗalibi ɗaki, ya tarar da wasu samari shida zuwa takwas a zaune, a ce musu gwajin ido za a yi. A ɗaga kati mai layi ɗaya, a ɗaga wani mai layi uku, kowane da tsawonsa, sannan kowa ya faɗa da baki wanne ne ya yi daidai da na farkon. Amsar a fili take, don idan mutum shi kaɗai ne kuskurensa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Abin da ɗalibin bai sani ba, duk sauran an haɗa baki da su, an kuma zaunar da shi kusa da ƙarshe don sai ya ji ta bakinsu kafin ya yi magana. Zagaye na farko da na biyu kowa ya faɗi gaskiya. A na uku, mutumin farko ya zaɓi layin da kowa ke gani bai kai ba, cikin natsuwa, ko gezau. Na biyu ya maimaita. Na uku ma haka. Kafin a zo kan bawan Allah ya fara gyara zama, yana miƙa wuya yana ƙura wa katin ido.

Zagaye 18 ake yi, a 12 daga ciki 'yan haɗin bakin suna faɗin ƙarya. Cikin mutum 123 da aka gwada, kimanin kashi 37 cikin 100 na amsoshinsu a waɗannan zagaye sun bi ƙaryar. Uku cikin huɗu sun bi ta aƙalla sau ɗaya. Ɗaya cikin huɗu bai taɓa bi ba. Da aka zauna da su daga baya, wasu suka ce idonsu suka fara zargi, tunda mutum bakwai ba za su taru a kan kuskure ba. Wasu kuwa sun san gaskiyar sarai, zama saniyar ware ne ba sa so. Waɗannan dalilai biyu, neman sani daga wajen jama'a da gudun kunya a gabansu, su ne za mu yi ta cin karo da su a ofis da kasuwa.

An fi yayata rabin farko na labarin. Rabin da ya fi amfani shi ne abin da ya faru da Asch ya sa mutum ɗaya tak daga cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya: bin ƙarya ya faɗi zuwa kusan rubu'in yadda yake a da. Kai, ko da wannan mutumin wata ƙaryar daban ya faɗa, muddin ya saɓa wa taron, ɗalibin yakan samu ƙarfin faɗin abin da idonsa ya gani. Haka ma da aka ce ya rubuta amsarsa a takarda maimakon ya faɗa da baki. Ashe kaɗaici ne ke karya mutum fiye da yawan masu adawa. A 1996 Rod Bond da Peter Smith suka tattara irin wannan gwaji guda 133 da aka yi a ƙasashe 17, suka ga bin taro ya fi ƙarfi a al'ummun da ke fifita zaman tare a kan ra'ayin mutum ɗaya. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Kara da kunya da ganin girman na gaba abubuwa ne masu kyau da suka riƙe mana zumunci, amma taron da aka buɗe shi da jin ta bakin babba ya riga ya ƙare tun daga nan. Abin da zai biyo baya, "Ranka ya daɗe, ai abin da ka faɗa shi ne," a tafa, a yi addu'a, a fita waje a fara ainihin taron a gindin mota.

A wurin aiki abin ya fi tsari, har dokoki yake da su, waɗanda ba a rubuce suke ba. Tsakanin 1924 da 1932 kamfanin Western Electric ya gudanar da jerin bincike a masana'antarsa ta Hawthorne, kusa da Shikago, inda ake ƙera kayan tarho a lokacin. Wanda ya fi suna shi ne na hasken lantarki: wai an ƙara haske aiki ya ƙaru, an rage haske aiki ya ƙaru, saboda kawai ma'aikata sun san ana lura da su. Labarin ya cika littattafan koyar da shugabanci, amma da Steven Levitt da John List suka tono ainihin alƙaluman suka buga nazarinsu a 2011, sai ya zamana ba su nuna hakan ƙarara ba. Wanda ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne na ɗakin haɗa wayoyi, daga ƙarshen 1931 zuwa 1932. Mutum 14 aka ware, aka zaunar da mai lura a gefe wata shida da ɗoriya. Tsarin biya ya nuna in aiki ya ƙaru kuɗi zai ƙaru. Su kuwa mutanen sun yanka wa kansu iyaka: na'ura biyu a rana, ita ce aikin yini. Wanda ya zarce a yi masa ba'a, a laƙaba masa suna, a kai masa naushi a dantse da sunan wasa. Wanda ya gaza shi ma a zarge shi da cin gumin wasu. Mai kai tsegumi wajen shugaba kuwa, shi ne mafi lalacewa. Wasu ma in sun yi aiki da yawa sai su rage a rahoto, su adana ragowar don ranar kasala.

An so a ɗauki wannan a matsayin rashin lissafi. Ni ban ga rashin lissafi a nan ba. Lokacin karayar tattalin arziki ne, ana ta sallamar mutane, su kuma suna tsoron in suka nuna za su iya fin haka, za a ɗaga ma'auni ko a kori na baya a cikinsu. Iyakar da suka kafa garkuwa ce. Duk wanda ya taɓa zama a ofis a ƙasar nan ya san kwatankwacinta. Sabon ma'aikaci ya kama aiki, takwas saura yana kan kujera, fayil ya zo ya sallame shi ran nan. Kafin wata ya ƙare wani tsohon hannu zai ja shi gefe: "Ƙanena, wa kake son burgewa? Mu ma da haka muka fara. Aikin gwamnati ba a gama shi, ka bi a sannu kada ka tona mana asiri." Ba naushi a nan, amma an daina kiransa cin abinci, hira tana mutuwa in ya shigo, an fara ce masa ɗan gaban goshin oga. Bayan wata shida, ƙarfe goma za ka gan shi.

Idon abokan aiki yana iya ja sama kamar yadda yake ja ƙasa. Alexandre Mas da Enrico Moretti sun bi bayanan kwamfutar masu karɓar kuɗi a manyan kantuna shida na wani kamfani a Amurka, suka buga sakamakon a 2009. Idan ma'aikaci mai zafin nama ya shigo aiki, saurin na kusa da shi yana ƙaruwa. Amma ba kowa ba: waɗanda yake bayansu yana iya ganinsu ne ke ƙara sauri. Waɗanda su ne ke ganinsa, shi ba ya ganinsu, ba abin da ya canza a aikinsu. Da koyi ne, da masu kallonsa ne za su canza. Kunya ce.

Kunyar nan kuwa kuɗi na iya kashe ta. A birnin Haifa na Isra'ila, Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun yi gwaji a gidajen renon yara goma, inda wasu iyaye ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu. A shida daga ciki aka sa tarar shekel 10 ga wanda ya makara fiye da minti goma. Maimakon makara ta ragu, sai ta kusa ninkawa, kuma da aka janye tarar ba ta koma yadda take ba. A da uwa tana shigowa da gudu tana ba malama haƙuri. Yanzu ta biya kuɗinta, babu wanda ya yi mata alfarma. Shugaban da ke tunanin zaftare ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga albashin mai latti ya kamata ya yi tunani a kan wannan, don wataƙila farashin latti yake shirin sanarwa.

Mu shiga kasuwa. A Kantin Kwari wata ta ɗaga shadda ta ce, "Alhaji, nawa wannan?"

"Hajiya, don ke ce, dubu tamanin."

"Haba Alhaji! Arba'in."

"Albarka. Ko ni ban saro ta haka ba."

Ta ajiye, ta yi kamar za ta wuce, ya ce ta ƙara wani abu. Aka yi ta ja har aka tsaya a sittin, ya ce ya sallama saboda kada ta tafi hannu rabbana. Ta fita tana jin ta ƙwaci dubu ashirin, shi kuwa ya san ko a hamsin zai sallama. Duk cinikin an yi shi ne a inuwar tamanin ɗin da ya fara furtawa. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa in bai karanci mai saye ba sai ya ce "taya," gogaggen mai saye kuma ba ya tayawa sai ya zaga shago uku. Dukansu sun san lambar farko ita ce ke mulki.

Abin mamaki, lambar ba sai tana da alaƙa da kayan ba. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka ba da rahoton gwajin da aka juya wa mutane wani faifai mai lambobi daga 0 zuwa 100, wanda aka shirya ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin 100 na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya a wajen 25, waɗanda suka ga 65 tasu ta kai wajen 45, alhali a gabansu aka juya faifan. Farashin da ake rubutawa a soke da jan biro a manyan kantuna, aikin da yake yi ke nan. Kuma masu saye ba sa gode wa wanda ya raba su da shi. A 2012 Ron Johnson, sabon shugaban kantunan JC Penney na Amurka, ya soke rangwamen ƙarya ya liƙa farashin gaskiya kai tsaye. Ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, aka sallame shi a watan Afrilun 2013, aka dawo da tsohon wasan. Mai awon da ke ɗan rage cikar mudu don ya samu abin yin gyara ya riga shi sanin wannan.

Taro ma hujja ce a kasuwa, kuma galibi hujja mai kyau. Baƙon da ya zaɓi mai tsiren da aka yi wa dafifi ya yi hankali, don naman wurin ba ya kwana. Matsalar ita ce hujjar nan ana iya ƙera ta. MMM, wadda Sergei Mavrodi ya kafa a Rasha ta rushe da kuɗin jama'a a 1994, ta shigo Najeriya ta mamaye 2016 da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, aka ce hassada ce. Ba talla ce ta ja mutane ba, abokin aiki ne da ya miƙo waya ya ce, "Malam, ni ba labari aka ba ni ba, ga alat ka gani." Alat ɗin kuwa na gaske ne, sai dai kuɗin waɗanda suka shigo jiya ne. Malaman makaranta da ma'aikatan banki sun shiga, ba don ba su iya lissafi ba, don gani ya kori ji. A watan Disamban 2016 aka rufe asusun kowa.

Daga nan ne za a gane inda gangamin wayar da kai ke yin tuntuɓe. A jihar Arizona ta Amurka akwai wani gandu da itatuwansa suka daskare suka zama dutse, masu yawon buɗe ido suna sace ɓaraguzan. Robert Cialdini da ɗalibansa suka zuba ɓaraguzai masu alama a kan hanya suka gwada alluna iri-iri. Inda allo ya ce baƙi da yawa sun kwashe dutsen har gandun ya sauya, kusan kashi 8 cikin 100 aka sace. Inda ya ce kawai don Allah kada a ɗauka, bai kai kashi 2 ba. Allon farko da niyyar tsawatarwa aka kafa shi, amma abin da mai karatu ya ji shi ne kowa ma yi yake. An ga irin haka a gida. Nic Cheeseman da Caryn Peiffer sun nuna wa mutane a Legas saƙonnin yaƙi da cin hanci, sannan aka sa su wani wasa da kuɗi na gaske wanda mutum zai iya ba da toshiya a ciki. A binciken, wanda aka buga a 2022, yawancin saƙonnin ba su rage komai ba, a wajen waɗanda dama sun yanke ƙauna ma ƙara musu niyyar bayarwa suka yi. Duk sanarwar rediyon da ta fara da "cin hanci ya yi mana katutu" tana gaya wa mai sauraro cewa in ya ƙi bayarwa shi kaɗai ne wawa a layin.

To ina hali ya shiga? Yana nan. Jami'an diflomasiyya a Majalisar Ɗinkin Duniya suna da rigar kariya, don haka shekara da shekaru ba a iya tilasta musu biyan tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a birnin New York. Raymond Fisman da Edward Miguel suka ƙirga takardun tarar da ba a biya ba daga 1997 zuwa 2002, sama da 150,000. Titi ɗaya, doka ɗaya, kariya ɗaya, amma jami'an Nowe da Suwidin da Japan kusan babu ko ɗaya a kansu, na Kuwaiti da Masar da Chadi da Sudan su ne a sahun gaba. Mutum yana tafiya da abin da ya saba. Sai dai akwai ƙarin abu biyu a alƙaluman. Jami'in da ya daɗe a birnin yakan ƙara yawan laifin, har da waɗanda suka zo da tarbiyyar bin doka. Sannan da aka ba hukumar birnin ikon cire lambar motar mai taurin bashi a ƙarshen 2002, laifin ya ragu da fiye da kashi 98 cikin 100, a wajen kowa da kowa.

Dole a riƙe waɗannan bincike da hannu biyu amma ba ido rufe ba. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya, akasari ɗaliban jami'a. A 2015 kuma da aka maimaita gwaji 100 da aka riga aka buga, ƙasa da rabi ne suka sake ba da sakamakon farko. Na Asch da na lambar farko an maimaita su a wurare da dama sun tsaya. Na Haifa ƙaramin bincike ne a gari ɗaya, ishara ce ba hukunci ba.

Akwai wani ɓangare da na fi ganin ya shafe mu: sau da yawa abin da muke zaton jama'a na so, su ma jama'ar ba sa so. Leonardo Bursztyn da abokan aikinsa sun tara magidanta matasa 500 a Riyad, suka tambayi kowa a asirce ko ya yarda a bar mace ta yi aiki a wajen gida. Kashi 87 cikin 100 suka ce sun yarda, amma mafi yawansu sun ɗauka maƙwabtansu da suka yarda ba su kai haka ba. Aka gaya wa rabinsu ainihin adadin, ba wa'azi ba lallashi. Waɗanda aka gaya wa sun fi sa sunan matansu a tsarin neman aiki, bayan watanni kuma matansu sun fi zuwa neman aiki a waje. An buga wannan a 2020. Ko mene ne ra'ayin mai karatu a kan aikin mata, abin lura shi ne mutanen nan tsoron juna suke, kowa yana ɓoye ra'ayin da kusan duk ɗakin ke da shi.

Lefe da kayan ɗaki haka suke a wajenmu. Uban ango yana nishi ya sayar da fili. Uban amarya, in ka same shi shi kaɗai, zai ce maka wallahi shi mutunci yake nema ba akwati ba, don ya san duk akwatin da aka ƙaro gado da kujeru da gara ne za su ƙaru a wuyansa. Amma da ya buɗe baki a cikin gida, gwaggon yarinya za ta tare shi: "Yaya, me kake so mutane su ce? Bara a gidan maƙwabta goma sha biyu aka kai." Mutanen da ake tsoron bakin nasu, kowane ɗayansu yana da 'ya'ya a gabansa, yana kuma fatan wani ya fara ragewa. Sai dai ba kowa ne ragewarsa ke da tasiri ba. Talaka in ya kai akwati biyu, za a ce babu ce ta sa, a tausaya masa a wuce. Wanda ragewarsa za ta zama labari a unguwa shi ne attajirin da kowa ya san yana da halin kai ashirin, kuma shi ne malamai da masu unguwa suka fi jin nauyin tunkara da maganar.